Fil Tara a Kan Gidan Iya Mai Koko

Ku da kuka zo jiya aka ba ku riga mai tambari da waya, na ji abin da kuka ce da na juya baya. Wai bin sawun ciwo ba aiki ba ne, danna waya ne da gaisuwa. To ku gyara zama. Shekarata goma sha tara, amma a wannan sana'a ni tsohuwa ce tukuf. Na ga korona, na ga mashaƙo, na ga amai da gudawa, gwiwata ta hagu ma har ta fara sanar da ni in hadari zai taso. Na shiga aikin ina da shekara goma sha huɗu, lokacin da wasunku ake share musu hanci da bakin zani.

A hannun Gwaggo Asabe na koya, ƙanwar babana, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin unguwarmu. Da korona ta shigo aka kafa dokar kulle, sai ofis ya raba musu wayoyi masu taswira, wai su riƙa nuna inda ciwo ya ɓulla. Wanda ya haɗa taswirar nan bai taɓa shiga Mandawari ba. A wurinsa unguwar duka dunƙule ɗaya ce kamar curin fura. Ranar farko wayar ta ce wa Gwaggo ta miƙe, ta miƙe. Ta ce ta ƙara miƙewa, ta ƙara. Sai ga ta a turken tumakin wani malami, wayar tana sanar da ita ta iso. Da yamma ta zo gidanmu, ta tsaya daga soro ta ce a kira mata Ummita.

"An ce ke ce kika san lungunan nan."

"Wa ya faɗa miki, Gwaggo?"

"Duk wanda kika taɓa buga wa ƙofa kika gudu."

Haka aka ɗauke ni aiki. Takardar shaidata ke nan.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: kwalin taliya da aka farke aka shimfiɗa, biro, zaren tela, takunkumi, sai fil ɗin hijabi masu kai kala-kala. Ni na zana Mandawari a kan kwalin, lungu-lungu, har da wanda sai ka karkace kake wucewa, da wanda in ka haɗu da mai kaya a ka dole ɗayanku ya koma da baya. Jan fil na wanda gwaji ya tabbatar yana da ciwon ne. Ruwan ɗorawa na wanda ya yi cuɗanya da shi. Baƙi kuwa Gwaggo ce kaɗai ke taɓa shi, kuma ba ta magana in tana soka shi. Zare shi ke haɗa wannan fil da wancan, ya nuna ta inda ciwo ya bi. A shekarar nan da haƙori nake riƙe mayafina, don babu fil ɗin da ya rage a ɗakinmu. Gwaggo ba ta taɓa bari na kusanci mara lafiya ba. Nawa shi ne in kai ta ƙofa, in ja baya in saurara, in dawo gida in soka.

Aikin farko da na riƙe da kyau na wani dattijo ne mai sayar da turare. Gwaggo ta tsaya daga bakin soro da littafinta.

"Baba, cikin sati biyun nan ina da ina ka je?"

"Ni? Ban je ko'ina ba, 'yar nan. Ai an ce kulle."

"Madalla. To wa da wa ka gaisar?"

Nan ya gyara zama. Ya je dubiyar surukinsa a Zaitawa. Ya biya gaisuwar mutuwa wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ya leƙa barka gida biyu. Ya tsaya wani ɗan ɗaurin aure da bai wuce sahu huɗu ba. Duk wannan a wurinsa ba zuwa ba ne. Zuwa shi ne ka hau mota ka tafi kasuwa. Dubiya hakki ne, ƙafa ce ke kai kanta. Ku riƙe wannan: Bakano in ka tambaye shi inda ya je ba zai yi maka ƙarya ba, amma ba za ka samu komai ba. Tambaye shi wanda ya gaisar, ka tanadi biro biyu.

Akwai kuma masu rantse maka cewa ciwon babu shi sam, ƙirƙira ce. Da su ba a gardama. Na taɓa ganin wani yana yi wa Gwaggo wannan wa'azi daga nisan taku goma, ya naɗe hancinsa da rawani har ba a jin rabin abin da yake faɗa.

To yanzu ga aikin da ya sa mini furfura guda uku. In kun matso sai in nuna muku.

Gwaggo ta yi cuɗanya da wata mara lafiya, ofis ya ce ta killace kanta sati biyu a gidan aurenta a Zaitawa. Kwali ya dawo hannuna. Ta turo mini jerin sababbin waɗanda gwaji ya kama a ɓangarenmu, mutum tara. Babu suna, saboda sirri. Lamba ce kawai da adireshi. Ta kira ta ƙara da baki:

"Ki ajiye mini jerin. Kada ki soka komai sai na fito. Jibi Mai Unguwa zai tara dattawa, ki kai musu kwalin su nuna inda za a ajiye bokitan wanke hannu. Iyakar aikinki ke nan. Kin ji?"

Na ce na ji.

Na duba jerin. Lamba ta ɗaya: Mandawari, gidan Iya Mai Koko. Ta biyu: Mandawari, gidan Iya Mai Koko. Ta uku ma haka. Har tara.

Iya Talatu tsohuwa ce a bakin babban lungunmu, tana dama koko tun kafin babana ya yi haƙori. Da kokon take ci da kanta da jikarta Nana, 'yar firamare da aka bar mata. Ko a kulle ba ta fasa ba, ta bakin ƙofa take miƙo wa yara kwanukansu. Na san gidan ciki da bai: ɗaki biyu ne, ita da Nana da akuya biyu. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa inda mutum tara suke kwana. Ni abin da na ji a raina daban ne. Manyan likitocin duniya suna can suna neman tushen annoba da na'urori, ga shi ni Ummita na gano shi da kwalin taliya. Na soka jan fil tara a gida ɗaya har kwalin ya ɓule. Don kada wani ya ruɗe, na rubuta sunan gidan da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa.

Ranar taron aka shimfiɗa tabarmi nesa-nesa a ƙofar gidan Mai Unguwa. Na jingina kwali da bango, na samo kara na nuni, na gyara murya kamar mai karanta labarai. Maganar bokiti ko minti biyu ba ta ci ba. Na sa kara a kan tarin jan nan na ce ga inda abin ya taso.

Mai Unguwa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yarinya, kin tabbata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ce ta faɗa."

A garin nan in ka ce takarda ce ta faɗa, an gama shari'a. Wani saurayi ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kwalin. Kafin in naɗe shi in isa gida hoton ya riga ni. Kafin la'asar wata 'yar uwarmu da ke aure a Damagaram ta kira tana tambaya ko muna shan kokon.

Washegari ko kwano ɗaya bai je ƙofar Iya ba. Waɗanda suka fi kowa rantsuwa babu korona su suka fara hana 'ya'yansu. Ciwon dai babu shi, amma a gidan Iya yake. Mata suka riƙa kewaye lungun. Aka daina kiran Nana wasa. Kwana uku Iya tana damawa tana juye wa awaki, har awakin suka fara kau da kai. A na huɗu Mai Unguwa ya aika a ce mata ta ɗan dakata sai an ga abin da hali ya yi. Ba ta hura wuta ba.

A ranar ne hoton ya kai ga Gwaggo. Wayar babata ta yi ƙara, aka miƙo mini.

"Ummita."

"Na'am, Gwaggo. Ya jiki?"

"Jikina lafiya lau. Mutum nawa ne a gidan Iya?"

"Biyu."

"Sai kuma?"

"Sai akuya biyu."

"To ko da akuyoyin sun je gwaji, saura biyar. Ina kika ajiye su? Cikin randa?"

 Ta ce ta kira mai lamba ta ɗaya ta tambaye shi inda yake zaune, ya ce mata: "Kin san gidan Iya Mai Koko? To ki wuce shi, ki karya dama, ki bar rijiya a hagu, ki tsallaka kwata, ƙofa ta uku mai langa-langa." Ta kira na biyu, shi ma daga nan ya taso, sai dai shi hagu ya karya.

Ku da kuka tashi a unguwar da gida ke da lamba ba za ku gane ba. A Mandawari lambobin da ke jikin bango masu ƙidaya ne suka rubuta, su kaɗai suke karantawa. Mu kwatance muke yi, kuma kwatance dole ya tashi daga inda kowa ya sani. Lungu shida, dukansu daga ƙofar Iya suke tashi. Akawun wurin gwaji kuwa gurbin adireshi a fom ɗinsa bai fi tsawon yatsa ba. Sai ya rubuta farkon maganar, ya bar sauran a iska. Laifin Iya ɗaya ne tak: kowa ya san ta.

Gyaran ya ci kwana biyu. Gwaggo tana ɗakinta a Zaitawa tana kiran su ɗaya bayan ɗaya, tana karanto mini kwatance, ni ina tafe da waya a kunne da takunkumi a baki. Duk ƙofar da na isa sai in ƙirga takuna, in dawo in cire fil ɗaya daga kan Iya in mayar da shi inda ya dace. Wani kwatancen ya ce in nemi bishiyar darbejiya da aka sare tun ina goye. Wani ya ce in tsaya inda baƙin rago yake ɗaure, alhali an yanka ragon da babbar sallah. Na same su duka. Fil tara suka watse lungu shida. A kan gidan Iya babu ko ɗaya, sai rami.

Daga nan sai zare. Gwaggo ta sake kiran su da tambayar nan tata ta wa ka gaisar. Na farko ya ce ya je duba Ɗanlami direba. Na biyu ya ce Ɗanlami direba. Da na uku ya faɗi sunan, Gwaggo ta daina karanto mini da sauri.

Ɗanlami direba Baffana ne, yayan Gwaggo. Ƙofar ɗakinsa tana kallon tamu. Sati uku kafin nan, ana tsaka da rufe hanyoyi, ya dawo daga kudu a bayan motar da ta kai shanu. Ya kwanta da zazzaɓi da tari, ya ce ruwan kudu ne ya dake shi. An ɓoye wa Gwaggo, don an san za ta turo mota mai jiniya. Ni ma aka ce in na faɗa mata sai an cire mini kunne, na kuma ga ai mura ce. Unguwa ta zo dubiya sahu-sahu. Wa ta shimfiɗa tabarma? Ni. Wa ta zagaya da kofi ɗaya kowa ya kurɓa? Ni. Bakwai cikin taran sun zauna a soronmu, sauran biyun matan waɗanda suka zauna ne. Na ɗaura zare ina ja, ina ja, ya zo ya taru a ƙofar da nake fita kullum.

Da yammar nan Gwaggo ta ce in ɗauko baƙin fil in soka a madadinta, a gidan wani tela da ya zo wa Baffa dubiya da lemo a leda. Na soka.

Ta ce, "Abu biyu zan faɗa miki. Ba a rubuta suna a taswira. Kuma ba a cewa tushe, sai dai a ce nan muka fara gani. Shi ma Ɗanlami wani ne ya ba shi, wancan ma wani ya ba shi. Amma ba za a wanke Iya ba sai an ga inda zaren ya nufa. Ki faɗa wa Hajiya Babba kafin ki faɗa wa gari."

Hajiya Babba kakata ce, ita ta haifi babana da Baffa da Gwaggo. Na shimfiɗa mata kwalin a tsakar gida. Baffa, wanda ya riga ya miƙe har ya fara ƙiba, ya leƙo ya ga inda zaren ya taru.

"Mura ce fa! Ni da na sha citta da tafarnuwa na tashi? Hajiya, yarinyar nan za ta tona mana asiri a kan kwalin taliya?"

Hajiya Babba ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Ummita, yau kwana nawa Talatu ba ta hura wuta ba?"

"Uku, Hajiya."

"Mu fa?"

"Mun hura da safe."

"To ki kai musu."

Baffa ya ce, "Za a yi da mu a gari."

"Za a yi. Magana ba za ta hana mu tuwo ba, Talatu kuwa ta hana ta. Kai kuma da ka iya zama a bayan motar shanu kwana biyu, ka iya zama ka ji magana."

Aka zo aka yi wa gidanmu gwaji. Baffa ya yi ihu kamar za a zaro masa ƙwaƙwalwa ta hanci. Sakamako ya fito babu kowa, ciwon ya riga ya yi abin da zai yi ya wuce gaba. Sannan na koma ƙofar Mai Unguwa da sabon kwali wanda ba shi da suna ko ɗaya. A wannan karon ban nemi kara ba. Na fara da cewa na yi kuskure, na faɗi yadda aka yi, na nuna gidan da ke bakin lungu babu fil. Na nuna inda zare ya taru na ce nan muka fara gani.

Mai Unguwa ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan kwalin ya bi lungun a hankali. Mutumin da ya shekara sittin a unguwa ba ya buƙatar suna.

"Ummita, wannan ba ƙofarku ba ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Wannan ma takarda ce ta faɗa?"

"A'a. Wannan da ƙafa na je."

Saurayin nan ya sake ɗaukar hoto, ni na roƙe shi. Hoton farko ya je Damagaram a rabin yini. Na biyu har yau bai fita daga lungunmu ba. Mutane sun yi da mu kwana biyu, suka gaji. Ƙofar Iya kuwa shiru.

Na je ba ta haƙuri. Na tarar da ita tana tsince gero, Nana na gefe tana kallon ƙasa. Na durƙusa daga nesa.

"Iya, na zo neman gafara."

"Wace ce? Likita?"

"Ummita ce, Iya."

"An ce kin iya bin sawun ciwo gida-gida."

"Ina dai koyo."

"To ga wani kin saki a gari. Tashi ki bi shi."

Na bi. Na samo kwali na uku. Duk gidan da na shiga sai in yi sallama, in tsaya a tsakar gida in ce ni ce na soka wa Iya fil, kuma kuskure na yi. Sannan in tambaya wa ya turo muku hoton, wa kuka tura wa, in wuce can. Takalmi biyu na cinye. Ban samu mutum ɗaya da ya yarda da maganar ba. Kowa cewa yake, "Ai mu dama mun san ƙarya ce." Sai in ce to ina kwanonku? Sai a fara neman murfi. Hajiya Babba kuma ta fito da langar da ake zuba abincin suna, ta ce kullum da safe in ɗora a ka in je in sayo koko, kuma ta hanyar da ta fi kowacce nisa zan dawo. Wata guda muna shan koko safe da rana. Baffa in ya ga ludayi sai ya fara tari da gangan.

Kwanuka sun dawo, amma ba duka ba. Wasu sun koyi damawa a gida, wasu sun saba da wata a can gaba. Mutum in ya guje ka kan ƙarya, kunya ce ke hana shi dawowa. Iya ta ci gaba da sana'a da matsakaiciyar tukunya. Babbar tana nan a kife a tsakar gidanta, kaji na fakewa a gindinta.

Shi ya sa gobe da safe ba ofis za mu fara zuwa ba. Duk wanda zai yi aiki da ni, wurin Iya nake fara kai shi kafin ya danna komai. Ita ke yin jarrabawar, ni rakiya kawai nake yi. Bara na kai mata wani ɗan gayu irinku, da agogo da waya biyu. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Likita, wannan ma naku ne?"

"Namu ne, Iya."

"Ɗan nan, in takarda ta ce maka na mutu, me za ka yi?"

Ya yi tunani sosai, don yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Sai in zo gaisuwa, Iya."

Ta ce, "A'a. Ka fara zuwa ka yi sallama, ko zan amsa."

Ta zuba masa koko, ta hana shi sukari.